Farar Safar Babana

Ɗis. Ƙarar ba ta fi haka ba, kamar ɗigon ruwan da ya makara a bakin indararo bayan sama ta ɗauke. Ita ce ƙarar ƙugiyar Babana idan ta sauka a kan tafkin Madarumfa. Har yau, idan na lumshe ido a cikin aji ɗalibaina suna rubutu, ita nake fara ji kafin in ga komai. Daga baya ne ruwan yake zuwa, a shimfiɗe, da hasken safiya kwance a kansa, sannan itatuwan da ke tsaye a cikinsa har ƙugu, sannan balbelu, sannan shi, da doguwar sandarsa ta gora.

Ina rubuta wannan ne dominki, ɗiyata, ko da yake yanzu abin da kika sani game da takarda shi ne cusa ta a baki. A gidanmu akwai labarin da ake ba kowane baƙo, wai ni ce na ceci ƙafar kakanki da safa. Za ki ji shi daga bakin kawunnanki, za ki ji shi daga bakinsa shi kansa, kuma kowa zai ƙara masa gishiri. Ni ma na daɗe ina jin daɗinsa, don na yarda da shi. Ina so ki same shi a nan yadda ya faru, da rabon kowa a ciki.

Babana ba ya su irin na sauran masunta. Su suna da taru da birgi da kwalekwale, shi fatsa kaɗai yake yi, kuma fatsar ma irin tasa. Tun yana saurayi ya lura da yadda karfasa ke tasowa saman ruwa tana cafke shinge, ƙwarin nan masu fiffike da ke fita bayan ruwan sama. Sai ya riƙa ɗaura ɗan gashin zabuwa a jikin ƙugiya da zaren ɗinki, ta zama kamar ƙwaro. Yakan shiga ruwa har cinya, ya tsaya cik kamar shi ma itace ne, ya kaɗa sandar baya, ya kaɗo ta gaba, igiyar ta zana baka a sama, gashin ya sauka a hankali. 'Yan uwansa masunta suna yi masa dariya, suna ce masa mai yi wa kifi kwalliya. Amma kifinsa manya ne, ba taru ya kurje su ba, matan da ke suya a bakin kasuwa sukan jira shi. Da wannan da 'yar gonar gero ya ciyar da mu. Ni ce auta, yayyena maza duk sun tafi ci-rani Najeriya, don haka ni nake kai masa fura bakin ruwa idan babu lakwal, wato makaranta. Nakan zauna ƙarƙashin bagaruwa da littafi a cinya, ba na karanta shi, ina kallon zoben ruwan da ke buɗewa daga inda gashin ya faɗa, ina tunanin ko a ina yake ƙarewa.

Yakan ce idonsa na sama ne, na ƙasa kuma tafin ƙafarsa ne. Da shi yake sanin inda laka take da zurfi, inda yashi ya fara, inda tsohuwar saiwa take kwance. Kuma bai taɓa shiga ruwan da takalmi ba. Wannan dokar mahaifiyarsa ce, Kaka, wadda aka sa miki sunanta. An haife ta a wani ƙauye wajen Gabi, a gidan da suke bin al'adar kakanni, kuma mahaifinta yana cikin waɗanda ke zuwa roƙon tafki kafin a buɗe su. Ta yi aure cikin musulmi, ta yi salla har ƙarshen ranta, carbinta bai rabu da wuyanta ba. Amma maganar ruwa ba ta taɓa sakinta ba. A wurinta tafki ɗakin waɗansu ne, mu baƙi ne, kuma baƙo ba ya taka shimfiɗar masu gida da takalmi. Ita kanta tun daga nesa take cire nata, ta riƙe a hannu, ta ƙarasa bakin ruwa tana sallama a hankali. Gajeriyar tsohuwa ce mai kaifin baki, kuma a duniya ba abin da take so kamar kan tarwaɗa a cikin miya mai yaji. Idan Baba ya kamo tarwaɗa, kowa ya san kan nata ne. Takan zauna da shi a bakin ɗakinta ta tsotse shi ƙashi-ƙashi, idonta a rufe, kyanwa na zagaya ta ba ta samun komai.

Shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, babbar sakandare, a Maraɗi, na zo hutu bayan damina, tafki ya cika har ya haɗiye hanyar shanu. An riga an gaya wa Baba yana da ciwon sukari, yana shan ƙwayoyi, mun ɗauka iyakarta ke nan. Wata rana da hantsi ya shigo gida da kifinsa a rataye, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe a tsakar gida. Ni ce na fara ganin abin, amma ban gane ba. Wani siririn zare ne yake bin sa a baya, yana jan ƙasa, kaji suna binsa suna tsattsaga. Na tuna har na yi murmushi, na ce a raina tafki ne ya riƙo shi ba ya son ya tafi. Sai Inna ta saki rariya.

"Malam, tsaya nan. Kada ka ƙara taku."

"Mi ya faru?"

"Ɗaga ƙafarka."

Tsohuwar ƙugiya ce ta wani masunci, mai tsatsa, ta shige diddigensa har wuya. Tun daga bakin tafki yake tafe da ita. Muka waiwaya, sai ga sawunsa daga zaure har inda yake tsaye, kowane na dama da ɗan jan tabo. Ya dubi ƙafar kamar ta wani ce aka ajiye masa. Bai ji komai ba. Abin da ya ba ni tsoro ba jinin ba ne, fuskarsa ce, irin ta mutumin da ya kira sunan abokinsa a cikin taro abokin bai waiwayo ba.

A gidan likita majo, babban ma'aikacin jinya, ya cire ƙugiyar, ya wanke, ya ɗaure. Mutum ne mai fara'a, amma ran nan bai yi wasa ba. Ya ɗauki tsinke ya riƙa taɓa tafin ƙafar Baba, nan da can, yana tambaya ko ya ji. Baba yana kallon rufin ɗaki yana cewa a'a, har ya gaji. Majo ya ce sukari ya cinye jin ƙafar, kuma ciwon mai sukari ba ya saurin warkewa. Ya ce idan wannan ya warke an yi sa'a, na gaba in ya ruɓe sai dai a kai shi Maraɗi a yanke. Duk mun san wani mai gyaran keke a unguwarmu da ya fara da ƙaya ya ƙare da sanda biyu.

"Malam, ko dai ka bar ruwa, ko ka shiga da bot, takalmin roban nan mai tsawo. Babu ta uku."

"To," in ji Baba. Irin to ɗin da ake ce wa likita.

Da yamma aka kai maganar gaban Kaka. Tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago kai ba.

"Takalmi cikin ruwa? Ba da jinina ba."

"Iya, ƙafarsa ce fa," in ji Inna. Ita surukuwa ce, a hankali take magana, kanta a ƙasa.

"Na san ƙafarsa ce, ni na haife ta. Shekara nawa yana shiga suna ba shi abinci? Yanzu don ya tsufa sai ya shiga musu ɗaki da roba yana taka musu kai? Ya zauna gida. Gona ba ta ƙare ba."

"Kaka," na ce, "a littafi an ce ruwa ruwa ne kawai."

"Ke 'yar lakwal, littafin naki ya taɓa nutsewa aka fiddo shi da rai? Babanki ya nutse yana yaro, suka maido mini shi. Ki tahi ki tambayi littafin wa ya maido shi."

Baba ya miƙe ya ɗauki sandarsa. Bai taɓa tsallake maganarta ba, kuma ina jin shi ma a can cikin ransa ba zai iya ba. Ya jingine sandar gorar a bayan rumbu.

Na koma Maraɗi da wannan a zuciya. Duk ƙarshen mako da na samu mota nakan zo, kuma duk zuwan da na yi sai in tarar ya ragu. Ciwon diddigen yana rufewa sannu a hankali, amma shi mutumin yana buɗewa ta wani wuri da ba a ganin jini. Ya daina waƙa. Yakan zauna a zaure yana ɗaura gashin zabuwa a ƙugiyoyi, ya cika gwangwani da su, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Da la'asar yakan taka zuwa bakin tafki da silifa, ya tsaya inda ruwa ba ya kaiwa, hannuwansa a baya, kamar wanda aka hana shiga gidan da ya gina. Wata rana na bi shi na tsaya kusa da shi. Rana tana faɗuwa, ruwan ya koma launin zuma, karfasa suna ta tasowa suna huda shi.

"Auta, kin ga waccan? Wajen kututturen can. Ta san ba ni nan, shi ya sa take iskanci."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. Inna ta gaya mini ya fara barin tuwo a kwano, kuma ta kama shi sau da yawa da asuba yana shafa sandar. Tsoronta shi ne wata rana zai faki ido ya shiga haka nan, ƙafa tsirara, don ya fi tsoron takalmi a kan yanka. Ni ma na san zai yi.

Dabarar ba a littafi na samo ta ba. Sanyi ya shigo, muna salla a ɗakin kwanan gidan gwaggona da nake zaune, sai na ga ƙafafun 'yarta a gabana cikin safa, a kan darduma. Na daɗe ina kallonsu har na kusa manta raka'ar da nake. Takalmanmu duk suna bakin ƙofa, amma safa ta shigo, ta hau wurin da ya fi ko'ina tsarki a ɗakin, ba wanda ya ce mata komai. Ranar Asabar na hau mota zuwa gida, na wuce kai tsaye ɗakin Kaka ko jakata ban ajiye ba.

"Kaka, safa takalmi ce?"

"Wace irin tambaya ce wannan da rana tsaka? Ba gaisuwa?"

"Ina wuni. Safa takalmi ce?"

"Safa riga ce. Rigar ƙafa."

"Masallaci ana shiga da ita?"

Ta tsaya da abin da take yi. Ta dube ni ta gefen ido, irin kallon da take yi wa mai awon hatsi.

"Ja'ira. Abin da ake koya muku ke nan, ku zo ku ɗaure tsofaffi da bakinsu?"

"In ɗakin Allah ya yarda da ita, ɗakin masu ruwa zai ƙi ta?"

Ta kawar da kai har na ɗauka ta yi fushi. Sai ta ce, ba ni take kallo ba, ƙofa take kallo, inda ake hango Baba a zaure da gwangwaninsa:

"Baƙo ba ya shiga tsirara, gaskiya ne. Ki kawo in gani."

Majo ya girgiza kai da na gaya masa. Ya ce safa ba za ta tare ƙugiya ba, ba za ta tare ƙayar bagaruwa ba. Amma ya san Baba, ya san kuma abin da zai faru idan aka ce a'a. Ya ce in dai ba makawa, to ta zama fara, don ƙafar da ba ta jin ciwo sai ido ya ji mata, kuma jini a kan fari ba ya ɓuya. Kada ta matse ƙwauri, kada ɗinkinta ya yi kauri a wajen yatsu, kuma a duba ƙafar kullum da ya fito.

Haka na shiga layin 'yan gwanjo a babbar kasuwar Maraɗi da kalmominsa a kaina. Ban taɓa sanin safa tana da yawa haka a duniya ba. Tuli-tuli a kan buhuna, daga ƙasashen da ban taɓa gani ba, kowace da siffar ƙafar wani da ta bari a baya. Na tsuguna ina tonawa, ina tunanin mutanen: wannan ta yaro ce mai gudu, wannan ta tsohuwa ce da ke zaune kusa da wuta a garin ƙanƙara. Akwai wata shuɗiya mai ratsin fari, daidai launin tafki da safe, na riƙe ta a hannu na daɗe ban iya ajiyewa ba. Mai kayan, wani mai hular saƙa da bakin barkwanci, yana ta kallona.

"'Yammata, ɗan ƙwallo ne saurayin? Ga ta 'yan ƙwallo nan har gwiwa. In ya sa wannan ko bai ci ba za a tafa masa."

"Babana ne. Masunci ne."

"Masunci da safa? Kifin ne ya ce ba ya son ganin kaushi?"

Na yi dariya, na ajiye shuɗiyar, na ce ya fiddo mini farare masu tsawo. Na sayi ruwan leda na riƙa ɗiga wa kowace, ina matsewa, ina shanyawa a gwiwata. Ta auduga ta sha ruwa ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen tsumma, ta ƙi bushewa. Mai santsin nan ta bushe nan da nan amma ba ta da jiki, ƙaya za ta wuce ta kamar ba ta nan. Sai wata mai kauri, mai gashi-gashi kamar na tunkiya, wadda ko da ta jiƙe ba ta yi sanyi a hannu ba. Saura ɗinki. Yatsuna ba su iya bambancewa ba, duk ɗaya suke ji. Sai na juya safar ciki waje, na rufe ido, na goga bakin ɗinkin a kumatuna, sannan a fatar idona. Na ce a raina, tun da ƙafarsa ta daina ji, bari fuskata ta ji mata. Ɗaya bayan ɗaya nake gogawa, a tsakiyar kasuwa, kabu-kabu suna wucewa suna hon, har na samu waɗanda suka wuce a kan idona kamar numfashi.

"Wallahi na shekara ina sayar da safa," in ji mai hular, "yau na fara ganin mai sumbatarta. Allah ya ba mu ɗiya irinki."

Na kawo su gida a ƙirjina. Kaka ta karɓa, ta ja su, ta shinshina, ta ɗaga su ga hasken rana ta leƙa.

"Wannan ko sauro ya huda ta. Ɗaya ba ta isa, sai an haɗa biyu an yi musu ɗuri da tsumma. Ku bar mini su. Ni na haifi ƙafar, ni zan sa mata riga."

Daga ran nan safa ta zama tata. Ta ɗinke biyu-biyu, ɗaya cikin ɗaya, tafin ya yi kauri kamar waina. Kullum da sassafe Baba yakan zo ƙofar ɗakinta ya zauna, mutum mai furfura, ya miƙa ƙafa a cinyar uwarsa. Ta shafe ta da man kaɗanya, tsakanin yatsu da diddige, ta zura masa safar da kanta. Idan ya kai hannu zai gyara sai ta buge shi.

"Ɗauke hannunka mai ƙarni. Wa ya sa ka?"

Idan ya dawo, nan zai fara tsayawa. Ta cire, ta juya farin a rana tana neman ja, ta duba ƙafar kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, sannan ta wanke safar ta shanya a cikin ɗakinta, ba a igiyar tsakar gida ba. Ta ce kada kaji su ɓata.

Ranar da ya koma ruwa ina nan. Hazo ne kwance a kan tafki, na ruwa, mai laushi, har ba a gane inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Ya cire silifa a ƙarƙashin bagaruwa, ya yi sallama, ya taka. Fararen ƙafafun suka shiga a hankali, suna haske a ƙarƙashin ruwan kamar kifaye biyu da suka saba tafiya tare, har laka ta rufe su. Masunta a kwalekwale suka fara ihu.

"Kai jama'a, ga balbela ta koma mutum!"

"Malam, yau wasan ƙwallo ne da tarwaɗa?"

Bai kula su ba. Ya kaɗa sandar baya, ya kaɗo ta gaba. Ɗis. Na ga kafaɗunsa sun sauka, kamar wanda ya daɗe yana riƙe da numfashi. Ban san lokacin da na fara kuka ba, littafina ya jiƙe a cinyata. Ya kamo tarwaɗa babba ran nan, ya kawo ta gida yana waƙa, Inna ta yi miya har maƙwabta suka leƙo. Aka zuba kan a kwanon Kaka aka kai mata. Ta dube shi, ta tura mini.

"Ci, 'yar lakwal. Ladan safarki."

"Kaka, kan tarwaɗa fa ne."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Ƙaya ke maƙale mini a wuya yanzu. Tsufa."

"Tarwaɗa wace ƙaya gare ta?" in ji Baba yana dariya.

"Kai ka haife ni ko ni na haife ka?"

Muka yi dariya, na cinye, kyanwa ta samu ƙashi a karon farko. Daga nan ba ta ƙara cin kifi ba, muka saba, muka ce tsufa ne. Na ci jarrabawa, na tafi karatun koyarwa, na yi aure. Duk zuwan da zan yi gida nakan biya layin gwanjo in zaɓo sababbi da kumatuna. Shekaru suka wuce ƙafar Baba ba ta ƙara zubar da jini ba, majo da kansa yana mamaki, yana ba wa waɗansu masu sukari labarin. Ni kuwa ina tafiya da wannan a raina kamar 'yar fitila: na zaɓi safa da fatar idona, ta tare ƙaya. Kaka ta rasu a wata damina, cikin barcin rana, carbinta a hannu. Inna ta karɓi aikin safar. Baba ya ci gaba da shiga ruwa har lokacin da idonsa ya dushe ya daina ganin inda gashin ke sauka. Ido ne ya fitar da shi daga tafki, ba ƙafa ba. Yana nan da su biyu, kin sha hawa kansu yana yi miki doki. Har gobe yana alfahari bai taɓa taka ruwan Madarumfa da takalmi ba, kuma ina roƙonki, idan kin girma kin karanta wannan yana raye, ki bar shi da alfaharinsa.

Da na zo gida haihuwarki, ina cikin wankan jego, Inna ta yi mini farfesun tarwaɗa. Ƙamshin ya cika ɗakin, ke kina barci a gefena. Na ɗauki kan na ce, Allah ya jiƙan Kaka, da ƙaya ba ta hana ta ba da yanzu muna faɗa a kansa. Inna ta dube ni, ta leƙa waje ta ga Baba ya tafi masallaci. Ta tashi ta buɗe tsohon akwatin Kaka, ta ɗauko safa ɗaya daga cikin na farkon nan, ta koma ruwan ƙasa don tsufa. Ta sa reza ta farke ɗinkin tafin, ta miƙo mini. Tsakanin safa da safa babu tsumma. Fata ce, jemammiya, ta jar akuya, an yanke ta daidai tafin ƙafar Babana, ta yi baƙi da man kaɗanya. Na juya ta a haske. Duk jikinta huda ne da karce, a wajen diddige har da guntun ƙaya da ya karye a ciki bai wuce ba.

"Ni nake sayo mata wajen majema, in ɓoye a ƙarƙashin kayan miya," in ji Inna. "In ta ruɓe ta sake wata. Ta ce tsumma ba ya tare ƙugiya, ko yaro ya sani."

"To ai wannan takalmi ne, Inna."

"Ta sani. Ta ce tun da ƙafar ba ta ji, ba zai gane ba, kuma wanda bai sani ba ba shi da laifi wurin masu ruwa. Laifin na wanda ya ɗinka ne."

Sannan ta gaya mini sauran. Ana gobe Baba zai koma ruwa, da la'asar, Kaka ta ce ta raka ta bakin tafki. Ta cire takalmanta tun daga nesa kamar kullum, ta durƙusa inda ruwa ke lasar ƙasa, ta gaya musu abin da ta yi, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ɗanta zai shigo musu da fata a ƙafa bai sani ba, su bar shi ya ci abincinsa. Ita kuma, a madadin haka, ba za ta ƙara sa kifinsu a bakinta ba har ta mutu.